Wutsiya Goma Sha Biyar

Na sauko daga aikin dare, ƙafa a kumbure,
na baje tabarma a gindin dogon yaro,
waya a hannu, caji saura kaɗan.
Runjin Sambo ta ɗau zafi tun kafin hantsi,
ni kuwa ina tilawar sunan ƙanƙara.
Lumi. Na dubi buta na ce mata lumi.
Ruwan cikinta ya isa dafa shayi.

Malama Pirjo, daga can inda rana ke nawar fitowa,
ta tambaye ni ko na gane.
Na ce mata, “Ei.”
Ta koma ta faro tun daga tushe.
Na ce, “Ei, ei,” har da gyaɗa kai.
Sau uku muka zaga rijiya ɗaya
kafin in san abin da muke amsawa da shi,
shi ne a’arsu.

Inna Tumba ta leƙo daga madafi:
“Ke Luba, mi kike hwaɗi ke ɗai?”
Na ce a can kifi kala ne, mage kissa,
in za su ce wane ne, sai su ce kuka,
ɗakin wanka mai tururi kuma sauna.
Ta riƙe haɓa da hannu mai toka:
“Garin da manya ka shiga sauna da gangan,
can za ki?”

Gida ɗaya ne, talo,
amma wutsiya goma sha biyar gare shi.
Talossa kina ciki. Talosta kin fito.
Taloon, kin sa ƙafa ke nan.
Mu “daga” da “cikin” a bakin ƙofa muke aje su
kamar takalmin baƙo.
Su kuwa sun ɗinke nasu a gindin riga,
kowace kalma tafe take tana jan kayanta.

Wuri guda na yi musu zarra.
Kunnen da ya raba garin mutane da garin tuwo
ba zai haɗa tuli da tuuli ba,
wuta daban, iska daban.
Sai ga tapaan, na sadu da kai,
ga tapan, na kashe ka.
Numfashi ɗaya ne tsakani,
ni kuma allura ce sana’ata.
Ranar ban yi barcin rana ba.

Ba su da shi, ba su da ita.
Hän kawai, mace da namiji kwano ɗaya.
Ba su da “za” ma, in ji Malama,
gobe da yau riga ɗaya suke sawa.
Na yi shiru.
Ni da duk jarina “za” ne:
zan ci jarrabawa, za a buga biza,
zan gyara rufin da damina ta huda,
zan biya wa Bagudu kuɗin makaranta,
zan dawo.
Da wane baki zan faɗi waɗannan a can?

Daren jiya a ɗakin mata,
janareta ya mutu, muka koma tocila.
Wata tsohuwa daga Kware tana nishi a gado na tara.
Na sunkuya, barci a idona,
sai bakina ya suɓuce: “Mihin sattuu?”
Ina ke ciwo, na so in ce.
Ba ta tambaye ni yaren ba.
Ta kamo hannuna ta ɗora ƙasan haƙarƙari,
ta danna.

Da safe Inna na dama fura, ba ta ɗago ba,
ta ce, “To su, in mutum za shi nesa,
ƙaƙa suka ce mishi sai ka dawo?”

Na buɗe littafin, na rufe.
Na ce ba mu kai wannan darasin ba.